Man Kaɗen Inna

Aikin direba aka yi mini alkawari a Jidda, amma har yau ban taɓa sitiyarin motar kowa ba a ƙasar nan. Mutumin da sunansa ke kan bizata, wato kafilina, sau ɗaya na gan shi, a bakin wani kanti, ko motarsa bai kashe ba. Ya sauke gilashi, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in nemi aiki duk inda na ga dama, shi dai ƙarshen wata ya ga kuɗinsa daga gare ni. A nan na gane dillalin da ya yi mini hanya daga gida sayar da ni ya yi, kuma da araha.

Sunana Umaru, ɗan Yawuri ne ni, daga gidan masunta. A cikin jirgi na yi wayo. Babanmu ya rasu ya bar mana tsohon taru da kogin da kifinsa ke raguwa kowace shekara, ya bar Inna da ƙanwata Hadiza a wuyana. Shi ya sa da aka ce Jidda ban tsaya dogon bincike ba.

Zangona na farko Madinar Masana'antu ne, can kudancin gari, inda babu komai sai sito-sito da manyan motoci. Dako na yi. Muna kwana a ɗaki ɗaya da mutanen ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, gado kan gado. Wani ɗan Bangaladash da ke kwana a saman gadona, ba ya jin yarena ba na jin nasa, shi ya lura ba na karyawa. Kullum sai ya gutsuri rabin tamis ɗinsa, irin faffaɗan burodin nan nasu, ya ajiye mini a kan jaka ya fice kafin in yi godiya. Wata safiya ina banɗaki hukuma ta zo ta kwashe 'yan ɗakin, har da shi. Ko cikakken sunansa ban sani ba.

Ana haka kafili ya daina ɗaukar wayata, iƙamata kuma, wato katin zama, ta mutu babu mai sabunta ta. Mutum in iƙamarsa ta mutu, ba ya iya fita ƙasar ta ƙofa, ba ya kuma iya zama cikinta da kwanciyar hankali. Na koyi tafiya a raɓe, na koyi gane motar hukuma tun daga nesa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, ana cewa garin nan a bakin teku yake, ni kuwa na kusa shekara ban ga ruwan da ya wuce na bokiti ba.

Wata Juma'a bayan la'asar na ce ko za a kama ni sai na ga ruwan nan. Na je. Ina tsaye ina kallon abin da ba shi da tsallake, sai na lura da wani tsoho baƙi cikin farar jallabiya, igiyar fatsarsa ta harɗe, yana ta fizga yana ƙara dagula ta. Ɗan masunci ba ya iya kallon irin wannan ya yi shiru. Na ce, ba ma da shi nake ba, "Wannan ai haƙuri take so, ba ƙarfi ba."

Ya ɗago kai. "Inta Bahaushe? Min fen?"

"Yawuri, Baba."

"Yawuri fen? Kusa da Kano?"

Na ce i, kusa ne. Na gaji da yi wa mutanen Jidda bayani, a wurinsu duk Najeriya unguwa ce a bayan Kano. Na karɓi igiyar na warware, na ɗaura masa ƙugiya da ƙullin da babana ya koya mini. Ya juya ƙullin a kusa da idonsa, ya ja, ya sake ja.

"Wa ya koya maka haza?"

"Babana. Ya rasu."

"Allah yarhamu. Ta'al bukra, ina da dukkan a Sa'alaba."

Shi ne Ammi Bakur, ammi kuwa baffa ke nan a Larabci. A Jidda aka haife shi, kakanninsa da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi a cikin Larabci. Washegari na je kamar yadda ya ce, na tarar shagonsa na ƙarƙashin wani tsohon bene a unguwar Sa'alaba. A sama yayarsa take zaune, Khala Safiya, wadda ciwon gwiwa ya hana saukowa. Abinci a kwando take zuro mana shi da igiya ta taga, in mun ci mu mayar da kwanuka ta janye. Na daɗe ina cin girkinta kafin in ga fuskarta. Ammi ya ba ni wani ɗan ɗaki a kan rufin benen, bai tambaye ni takarda ba.

Sana'arsa haɗa sandar fatsa ta musamman, irin wadda masu hali ke sa a yi musu da launin da suke so, har da sunansu a jiki. Da farko raini na yi wa abin. A ce sanda ɗaya ta fi jirgin babana tsada, don mutum ya kama kifi ɗaya, ya yi hoto da shi, wani lokaci ma ya mayar da shi ruwa. Da na faɗa wa Hadiza a waya sai da ta yi dariya har da tari. Amma aikin ya shiga raina ban sani ba.

Inda aikin yake shi ne mariƙi, gindin sandar inda hannu ke kamawa. Namu na zare ne. A naɗa zare mai launi, a saƙa ado, sannan a rufe shi da iboksi don kada ruwan gishiri ya ci shi. Iboksi ruwa ne iri biyu a kwalba biyu, kowanne shi kaɗai ba ya komai. Sai an auna su daidai wa daida da sirinji, an gauraya a hankali, an shafa da buroshi, a ɗora sandar a kan wani ɗan inji yana juya ta sannu-sannu kamar mai gasa masara, har ya daskare ya zama kamar gilashi. Da zarar an gauraya shi kuwa ba a tsayawa, don ba ya jiran kowa. In ka gauraya da gaggawa ya yi kumfa. In ka kuskure awo ya kwana yana danƙo. In danshin teku ya shigo ɗakin ya yi hazo. Ammi kan ce, "Shuf ya waladi, duba ɗana, iboksi ba ya rufa asiri. Abin da ka yi masa yau, bukra kowa zai gani."

Wanda ya taso yana ɗinkin taru, zare ba baƙonsa ba ne. Ba a daɗe ba na fara saƙa adon faifan Inna a jikin mariƙi, irin mai hawa-hawa ɗin nan ja da baƙi. Larabawa suka so shi. Ammi, wanda idonsa ya fara rauni, ya bar mini zare, shi ya riƙe awo da gauraye. Hancinsa kuwa ya daɗe da mutuwa, shekarun da ya yi yana shaƙar iboksi sun kashe shi. Ko abinci ya ƙone a gabansa ba ya ji.

Abin da aikin ya yi mini shi ne ya cinye mini hannu. Tsakanin sanfara, wato takardar goge katako, da sifirit ɗin da muke wanke komai da shi, tafin hannuna ya bushe ya tsattsage, har jini yake yi a gaɓoɓi.

Ni ɗan fari ne a wurin Inna. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da nake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa yi mini magana ido cikin ido ba in akwai wani a wurin. "Wancan" take ce mini. Ko a waya, Hadiza ce ke riƙe da ita, Inna na gefe tana tsince wani abu, tana magana da bango. Wata rana ina bayani ina ɗaga hannu, sai na ji muryarta daga gefe.

"Ce wa wancan ya nuna hannunsa."

Na nuna. Ta ci gaba da tsintarta. Bayan 'yan makonni wani maƙwabcinmu da ya zo umara ya kira ni, na same shi a tashar mota, ya miƙo mini ƙunshi a cikin tsohon zanen da na sani. Gwangwanin madara ne cike da man kaɗe. Ita ta tsinto ƙwaran, ita ta daka, ita ta dafa. Da na buɗe murfin a ɗakina, ƙamshin tsakar gidanmu ya cika wurin, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun zuwana. Wannan gwangwani shi ne magana mafi tsawo da Inna ta taɓa yi mini.

Na riƙa shafawa bayan asuba da bayan isha'i. Kafin in shiga shago in wanke hannu da sabulu. Tsagar ta fara rufewa.

A cikin kwanakin nan ne Hadiza ta kira ni daga bayan gida, murya ƙasa-ƙasa. Ƙafafun Inna sun kumbura, numfashi na yi mata wuya, an kai ta asibiti an dawo da ita da magani da haƙuri. Ta ce, "Yaya, in da hali ka zo."

Hanya biyu ce a gabana. Ko in miƙa kaina ga hukuma a kai ni gidan tarhil, inda ake tsare mutum har ranar da aka ga dama a sa shi a jirgi, kuma ba zai sake dawowa ba, maganin Inna kuma daga nan yake fita. Ko in sami sabon kafili ya mayar da ni sunansa, ya raya iƙamata, in fita da izini in dawo. Ammi Bakur ba shi da ikon ɗaukar kowa a takarda. Da Inna ta ji ina maganar tarhil, sai ta ce, "Ce wa wancan ya zauna ya gyara takardunsa. Kada ya dawo mini a ɗaure kamar wanda ya yi sata."

Sai Allah ya kawo Abu Nawaf. Wani attajiri ne a Abhur, can arewa inda gidaje ke da ƙofa ɗaya a titi ɗaya a teku. Yana da jiragen yawon kamun kifi, ya ga mariƙina a hannun wani abokinsa. Ammi ya sa ni a gaba muka je. Mutumin ba shi da yawan magana. Yana son sanduna na jirginsa sabo, duka da adon nan ja da baƙi. Ammi ya faɗa masa halin da nake ciki, bai ɓoye komai ba. Abu Nawaf ya dube ni ya ce yana bukatar mai kula masa da kayan kamun kifi. In sandunan suka fito yadda ya gani, zai mayar da kafalata sunansa, in ci gaba da zama a shagon Ammi, in je gida in dawo. Amma ƙarshen wata zai tafi hutun bazara da iyalinsa, mu kawo kafin nan.

A hanyar dawowa har waƙar masunta na yi a cikin mota. Na kira Hadiza na ce ta gaya wa Inna ta kusa ganina.

Saƙar ba ta ba ni wahala ba. Muka sayo sabon iboksi don girman aikin. Ammi ya goge mariƙin farko da sifirit, ya juya baya yana awo, ni kuma na ɗora sandar a kan inji. Aka shafa. Ya kwanta lumui, muka yi hamdala. Kafin mu gama shan shayi sai na ga wani ɗan rami ya buɗe a jiki, kamar an soka tsinke. Sai wani a gefensa. Iboksin yana janyewa daga wasu wurare yana barin ƙananan ramuka zagayayyu, kowanne da ɗigo a tsakiya.

Ammi ya kawo fuskarsa kusa. "Ainus samak," in ji shi. "Idon kifi."

Na ce a raina, duk kifin da na kashe a Yawuri ne suka biyo ni Jidda suna kallona.

Ya ce maiƙo ne ke kawo shi, ko wani abu mai santsi da ya taɓa wurin. Gyaransa ɗaya ne. A bari ya bushe sarai, a goge da sanfara har ramukan su baje, ba tare da an taɓa zaren ba, a wanke, a sake shafawa. Kowane zagaye yana cin kwanaki, don iboksi ba a yi masa dole. Muka yi. Idanun suka sake buɗewa.

Daga nan muka shiga farauta. Ammi ya ce sirinjin ne, wasu na zuwa da santsi a ciki, muka zubar muka sayo wasu. Ya ce kofunan ne. Ya ce buroshi ne. Ya kwashe duk man da muke sa wa injin naɗe igiya ya kai waje. Ya hana maƙwabcinmu mai gyaran firji shigowa, mutumin da ya shekara yana shan shayi a nan, har suka yi kwana biyu ba sa gaisawa. Ya mayar da sabon iboksin ya yi wa mai kantin tas, aka canja mana. Ya duba hannuna, ya ga na wanke da sabulu a gabansa, ya ce tayyib, da kyau. Wani mariƙin sai ya fito kusan lafiya, mu ce an gano, na gaba ya fito kamar mai ƙyanda. Akwai wanda muka goge har sanfara ta ci zaren, dole na yanke shi na sake saƙa daga farko.

Wata yana ta tafiya. Hadiza ta daina cewa in da hali, sai dai ta ce, "Yaya, yaushe?" Ni kuma kullum in hau sama da hannun da sanfara ta ƙara ci, in buɗe gwangwanin Inna in shafa da yawa, don shi kaɗai ke sanyaya mini rai.

Abinci ya daina shiga. Kwando ya riƙa komawa sama yadda ya sauko. Wata rana da hantsi muka ji ana saukowa daga bene, taka ɗaya hutu ɗaya, ana salati. Khala Safiya ce, gajeriya mai jiki, da sanda, ta zo ta ga wanda ke raina mata girki. Ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hanci.

"Bakur, wa ke da man kaɗe a nan?"

"Man esh?"

"Man kaɗe. Rihar Ummi ce wannan, wallahi."

Ta bi ƙamshin har gabana, ta kama hannuna ta kai hancinta, ta rufe ido. Ta ce mahaifiyarsu da shi take shafe su suna yara, alhazai ke kawo mata, tun da ta rasu ba ta sake jin ƙamshinsa ba. Hawaye na zuba, ba ta saki hannun ba. "Wa ya aiko maka, ya waladi?"

"Innata."

Ammi ya matso. Ya dubi hannuna, ya dubi sandar da ke kan inji.

"Ya Umar, kana taɓa mariƙi bayan na goge?"

Na ce a'a, kuma har ga Allah haka na sani. Ya ɗauko wata sanda ya goge ta da sifirit, ya miƙo mini ya ce in ɗora, wannan karon bai juya baya ba. Na ɗora, na ɗaure, na matsa.

"Ga shi nan ya shafa ta," in ji Khala.

Ashe in na ɗora sanda sai in yi bismillah in bi mariƙin da tafin hannu sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Haka babana ke yi wa filafilinsa kafin ya tura jirgi, haka kowane masunci a gidanmu ke yi, ban ma san hannuna na yi ba. Tun zuwana shagon nake yi, amma da hannun a bushe yake kamar itace, ba ya barin komai. Yanzu man ya shige cikin tsagar fata inda sabulu ba ya kaiwa, zufar Jidda kuma tana fito da shi. Ammi ya ɗauko guntun gilashi ya goge, ya sa na danna babban yatsana a tsakiya, ya zuba sauran iboksi a kai. Muna tsaye mu uku muna kallo, ya janye daga sawun yatsan ya bar shi a fili.

Na rasa da wa zan yi fushi. Na fita na zauna a bakin titi cikin rana. Abin da uwata ta aiko don in warke shi ne ya tsare ni daga zuwa wurinta, kuma ni da hannuna nake ƙara shi kullum. Zuciyata ta karye a ranar, tun kafin komai ya faru.

Ammi ya fito ya tsaya a kaina. "Gum, tashi, ya waladi. Halas, mun san ciwon. Yalla."

Na rufe gwangwanin na sa a ƙasan jaka. Na wanke hannu da sabulun wanke-wanke da sifirit har sai da na ga taurari, na sa safar roba. Muka goge sandunan duka, muka wanke, muka sake shafawa. Ammi da kansa yake ɗorawa a inji, ni hannuna a baya kamar ɗan makaranta. Suka fito kamar ruwan kogi da sassafe kafin jirgi ya taɓa shi. Ban taɓa yin aiki mai kyansu ba, kuma ban ji daɗin kallonsu ba.

Da muka kai Abhur ƙofar a rufe take. Mai gadin, wani Bahaushen Sudan, ya ce maigida bai daɗe da tashi ba, sai zafi ya sauka zai dawo. Ammi ya kira shi a waya. Mutumin ya ce alkawari na nan, amma sai ya ga aiki da idonsa. Ba zan ce ya zalunce ni ba, lokacin da ya ba mu ne ya wuce. Mai gadin ya ga yadda fuskata ta yi, bai tambaye ni komai ba, ya kawo mini ruwan sanyi, ya buɗe mini ƙaramar ƙofa ya ce in je in zauna a bakin ruwa in huta.

Na ja wa Hadiza kunne kada ta kuskura Inna ta san abin da ya jawo jinkirin. A wayarmu ta ƙarshe tana kwance, fuskarta na bango kamar kullum, muryarta ta yi siriri.

"Tambayi wancan, hannun ya warke?"

Na ce da sauƙi, Inna.

"Ya nuna."

Babu yadda zan yi, na nuna. Ya sake tsattsagewa fiye da da.

"Ba ya shafawa," in ji ta.

Hadiza ta ce aikin nasa ne ba ya son maiƙo. Na ɗauka barci ya ɗauke Inna. Sai ta juyo, ta dubi wayar, ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "To ka riƙa shafawa ranar da ba aiki. Na ajiye maka wani." "Ka" ta ce, ba "ya" ba. Har yau ina jin wannan kalma.

Ranar da labarin ya zo, da safe ne, Ammi ya riga ya gauraya iboksin wani aiki, buroshi na hannuna. Waya ta yi ƙara a kan tebur, Ammi ya ɗauka. Na ji ya ce na'am, ya saurara, ya ce na'am. Ya ajiye. Na tambaye shi wane ne, ya ce, "Kammil, ya waladi. Ƙarasa." Na ƙarasa shafawa, na bi gefuna, na kunna inji. Sai da sandar ta fara juyawa ya zo ya zare buroshin daga hannuna, ya cire mini safar da kansa, ya riƙe hannuwana biyu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

A shagon aka yi mini zaman makoki. Khala Safiya ta sake saukowa da gwiwoyinta, ta dafa shinkafa, Hausawan unguwa da ba su taɓa ganin Yawuri ba suka cika wurin suna yi wa matar da ba su sani ba addu'a. Har mai gyaran firji ya zo ya zauna kusa da Ammi. Ina amsa gaisuwa ina tunanin wa ya shiga kabarin ya karɓe ta, tunda ɗanta na fari yana Jidda yana gyaran sandar kamun kifi.

Da zafi ya sauka Abu Nawaf ya dawo. Ya ɗaga sandunan a rana yana juyawa, ya ce masha Allah, ya cika alkawarinsa ba tare da an tuna masa ba. Ranar da sabuwar iƙama ta zo hannuna na juya ta gaba da baya, ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba. Na je gida. Na tarar da tudun ƙasa har ciyawa ta fara fitowa a kai. Hadiza ta shiga ɗakin Inna ta fito da gwangwani ɗaure a cikin zane, ta ce tun kafin ta kwanta ta haɗa shi, tana ta cigiyar mai zuwa umara.

Na dawo Sa'alaba, don akwai Hadiza, kuma idon Ammi ya ƙara rufewa, yanzu ni ke awo. Gwangwanin farko na ba Khala Safiya abin da ya rage. Ba ta shafawa, buɗewa take ta shaƙa ta rufe. Na biyun yana ɗakina, ina lallaɓa shi don babu na uku.

Ranar Alhamis in mun rufe shago nakan hau sama in shafa, kamar yadda ta ce. Juma'a duka da shi nake wuni, da shi nake zuwa masallaci. Asabar da safe in tsaya a bakin famfo da sabulu da sifirit, in bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya, in wanke Inna daga hannuna, sannan in shiga aiki.